Wanzami Ba Ya Son Jarfa

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 2003 ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara.)

 

Shugaban wannan taro, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin ƙungiya, yayye da ƙanne, da kuma 'yan ajinmu da na ga sun taru can baya kamar yadda suka saba tun muna aji ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Da sakataren ƙungiya ya zo shagona ya ce bana ni zan yi magana, na ɗauka ba'a yake yi. Na ce masa a cikinmu akwai likita, akwai lauya, akwai wanda yanzu sai an cika takarda ake ganinsa, mene ne na kiran mai hoto? Ya ce ai shi ya sa. Shekara nawa kana zuwa taron nan, kana jera mu kana cewa mu matso, mu gyara hula, amma babu hoton ƙungiya ko ɗaya da fuskarka ta fito a ciki. Na koma gida na duba, na ga gaskiyarsa. To, tun da an ce in yi magana kan sana'ata, zan yi, sai dai ku yi mini haƙuri, domin tun da Allah Ya ba ni ɗiya a daminar 2024 ba na iya maganar sana'a ba tare da ta shigo ciki ba.

Waɗanda muka shigo makarantar nan a 1997 za su tuna da mai hoton da yakan zo kan keke ran Asabar, da kyamara rataye a wuya. Fim ɗinsa hoto 36 yake ɗauka, kuma ba zai kai wanki ba sai ya cika. In ka yi rashin sa'a kai ne na farko a fim, to, sai ka yi mako biyu ko uku kana jira, sa'an nan a kawo maka hoton ka tarar ka rufe ido. Mukan ari riga, mu ari agogo, mu ari takalmi. Akwai agogo guda a ɗakin kwananmu wanda na tabbata ya fito a hoto ya fi hamsin, kuma ko sau ɗaya ban taɓa ganin yana aiki ba. Ni ne yaron da ke riƙe wa mai hoton nan jaka, yana ba ni kuɗin ƙosai. A wurinsa na fara sanin cewa ba a sa mutum ya ba rana baya, kuma hasken safe da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana tausayin fuska.

Son yawo kuwa, malaminmu na tarihi ne ya jawo mini, ga shi nan zaune, Allah Ya ƙara masa lafiya. Shi ya ba mu labarin Baturen nan na Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu. A nan garinmu aka ba shi aron littafin Tarikhus Sudan, tarihin Tambutu da Songhai, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Malam ya ce mu duba, mutum ya ƙetaro hamada ya zo ya sami ilmi a bayan gidanmu, mu kuwa ko Hubbaren Malam Abdullahi ba mu taɓa shiga da niyyar tambaya ba. Maganar ta zauna mini. Ban iya rubutu kamar Barth ba, sai na ce ni da kyamara zan yi nawa.

Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, aka ba ta wuri a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, sai na ɗauke shagona daga Gwandu na koma Kalgo, don na san inda ɗalibai suke nan hoton fasfo yake. A shekarar ne kuma na yi aure. Amma shago kaɗai ba ya riƙe mai hoto a wannan zamani. Kamfanin Kodak kansa, wanda muka tashi muna ganin kamar shi ne hoto, a 2012 ya je kotu ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. Yau kowane yaro da waya a hannu mai hoto ne. Abin da ya rage mana shi ne aikin da waya ba ta iya yi da kyau: biki, naɗin sarauta, yaye ɗalibai, taron siyasa, da aikin ƙungiyoyin da ke son hoton gonaki da rijiyoyi da makarantu. Duk wannan kuwa sai da tafiya. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Na yi tafiyar, ban kuma yi nadama ba. Na ɗauki Uhola a Zuru, na ɗauki tseren kwale-kwale na Rigata a Yawuri. A watan Maris na 2020, da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan an yi shekara goma ba a yi ba, ina bakin Matan Fada tun da sassafe, na ga dubban masu goma da gora sun auka ruwa lokaci guda, ƙura ta tashi har na kasa ganin abin da nake ɗauka. Bayan watanni kaɗan kuma, a daminar shekarar, na koma fadamun nan na ɗauki shinkafar mutane da ambaliya ta shanye. A can wata tsohuwa da ke zaune kan sauran katangar gidanta ta tsayar da ni, ta ce, "Yaro, in ka ɗauka, wa zai gani?" Na yi ta kame-kame. Tun daga ranar ba na ɗaga kyamara ga wanda ke cikin wahala sai na tambaye shi, na kuma gaya masa inda hoton zai je.

Yanzu bari in zo inda nake ta kewayewa.

Shekara goma sha ɗaya muka yi da maiɗakina Allah bai ba mu haihuwa ba. Da yawa daga cikinku kun sani, kun kuma yi kawaici, na gode. Amma ban taɓa gaya wa kowa yadda abin yake ga mai sana'a irin tawa ba. Mai hoto ba ya rabuwa da gidan suna. A mako guda nakan je biyu ko uku. In tashi da asuba in ɗauki rago, in ɗauki liman yana addu'a, in ɗauki wanzami yana aski, da yamma in koma in ɗauki mata da kayan barka. A miƙo mini jariri a ce gyara masa zani, in gyara. Wani ma 'yan ajinmu ne, wasu kuwa yaran da na ɗauki hoton aurensu bara waccan. In dawo gida da dare in zauna gaban kwamfuta ina gyara fuskokin 'ya'yan mutane, ita kuma tana bayana tana tsintar shinkafa, tana leƙowa tana cewa kai, wannan kyakkyawa ne. Ba ta taɓa cewa in rufe ba. Ni ne daga baya na mai da kwamfutar shago, na ce wai wuta ta fi zama can.

Abin da aka faɗa mata a shekarun nan, daga dangina da ma nata, ba zan maimaita shi a gaban malamaina ba. Mun sha magani na gida da na asibiti. Mun je Sakkwato, mun je Zariya. Abu guda zan faɗa wa 'yan'uwana maza: ranar da likita ya ce ni ma sai an auna ni, na yi wata biyu ban koma ba, ina ganin an ci mutuncina. Da na je tun farko, da watakila an rage mata shekarun kuka.

Da cikin ya kai wata bakwai, aka zo aka ɗauke ta zuwa gidansu a Gwandu, goyon ciki, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Ranar da ta haihu ina Yawuri ina aikin wata ƙungiya. Ƙanenta ya bugo waya ya ce, "An sauka lafiya, mace." Na ce to madalla, kamar an ce mini an sauke buhun gero. Mutanen da nake wa aiki ba su san kome ba. Sai da na je alwalar azahar na ga hannuna yana rawa har buta ta kuɓuce.

Kun san al'adarmu game da ɗan fari. Uba ba ya rawar kai, ba ya ɗauka a gaban manya, ba ya kiran suna. Balle ita sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ko a nan ba za ku ji shi daga bakina ba. Ummi muke ce mata. Ranar suna, ni da na ɗauki sunan 'ya'yan mutane ɗaruruwa, bayan an shafa fatiha sai na sulale na tafi shagon wani abokina a kasuwa na wuni. Kyamarata tana cikin jaka a ƙarƙashin benci. Ban ɗauki ko ɗaya ba, ban kuma sa wani ya ɗauka ba, don kada a ce ɗoki ya yi mini yawa. Hoton da muke da shi na ranar guda ɗaya ne, wani ɗan yayarta ya ɗauka da waya, rabinsa babban yatsansa ne. Wanzami, ashe da gaske ne, ba ya son jarfa.

Kwana arba'in na jego na yi su a kan babur tsakanin Kalgo da Gwandu. In rufe shago bayan la'asar, in kama hanya, in isa in gaida surukai daga zaure, a ce mini suna lafiya, wani lokaci in dawo ban ga ɗiyar ba. Gwaggon maiɗakina ce mai kula da wankan jego, kuma mace ce da ba a ja da ita. Ma'aikaciyar asibiti ta ja mana kunne kan kunun kanwa, saboda jinin uwar ya hau kafin haihuwa. Likitocin Zariya ma tun shekarun 1970 suke rubutu kan ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kanwa. Na rasa yadda zan gaya wa Gwaggo. Da na daure na faɗa daga bakin ƙofa, sai ta ce, "Wanga yaro, 'ya'ya nawa ka haifa?" Na ce ɗaya, Gwaggo. Ta ce, "Ni tara." Ƙarshe dai mahaifiyata ce ta je suka yi maganarsu ta manya, aka rage kanwar.

Bayan yawon arba'in suka dawo Kalgo, sa'an nan na san an haihu. Da, in na dawo daga tafiya, wanka nake yi in ci tuwo in kwanta. Yanzu dare kashi biyu ne. Uwar takan yi na farko, ni kuma da yake dama nakan tashi gyaran hotuna in an kawo wuta, sai in yi na biyu, ɗiya a kafaɗar hagu, hannun dama a kan kwamfuta. Na dawo da ita gida, ai kun gane. Akwai wani ango a Jega da na aika wa hotunansa da kunne guda ya fi ɗaya haske, don a daidai nan Ummi ta yi mini tumbuɗi a wuya. Bai lura ba, ni ma ban gaya masa ba sai yau, in yana nan ya yafe.

Kunyar ɗan fari kuwa, a cikin ɗaki da tsakar dare babu mai ganinka balle ka ji ta. Sai da asuba, in na fito da ita ƙofar gida don uwar ta samu ta runtsa, nake haɗuwa da masu dawowa daga masallaci. Wani maƙwabcina ya ce mini, "Malam mai hoto, an koma raino ke nan?" Na ce an koma. Da farko nakan ji nauyi in koma ciki da sauri. Yanzu shi ne ke miƙo hannu ya karɓe ta.

Lissafi ma ya sake. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace tafiya sai na zauna na ƙirga ko abin da za a biya ni zai fid da mai da abinci har ya bar wani abu. Da ɗiya ta zo sai aka ƙara sabulu, da maganin zazzaɓi, da gidan sauro, da garin kunu. Akwai idon kyamara da na yi shekara biyu ina tara kuɗinsa. Kuɗin nan su suka zama ragon suna da kayan jego. Da hunturu ya shigo na ga ashe ƙurar da nake tsoro ga kyamara ita ce ke toshe mata hanci, sai ga ni ina goge gilashi da tsumma a hannu ɗaya, ina shafa mata man kaɗanya da ɗayan.

In kuka ce in nuna muku hoton da ya fi kowane amfani a wayata, ba na Argungu ba ne, hoton katin riga-kafinta ne. Na ɗauke shi ne don in ina kan hanya in duba ranar komawa in bugo in tuna wa uwar, duk da ita ba ta mantuwa: ta ranar haihuwa, ta mako 6, ta mako 10, ta mako 14, sa'an nan ta ƙyanda a wata 9. Mun kuma yi sa'a, a watan Disamba na 2024 aka fara ba yara allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, kuma jihohi biyu aka fara da su, Kebbi da Bayelsa. Ba don an fi son mu aka zaɓe mu ba, don cutar ta fi yi mana ɓarna ne. Da ta cika wata 5 aka yi mata ta farko. An gaya mana a fili cewa allurar rage haɗari take yi, ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro ba. Na ji da kunnena, amma a zuciyata na ɗauka shi ke nan mun tsira.

A daminar 2025 aka kira ni wani babban biki wajen Kamba, kwana huɗu, kuɗin da ban taɓa samun irinsa a aiki guda ba. Ranar da zan tafi jikinta da ɗan zafi. Uwar ta ce, "Malam, ko za ka bari mu ga yadda za ta kwana?" Na ce haƙori ne, na hau babur. Ƙauyen da aka kai amarya babu sabis. A dare na biyu zazzaɓin ya hau, ta fara jijjiga, idonta ya juye. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Maiɗakina ta goya ta, ta fita ita kaɗai ta buga ƙofar maƙwabcin nan mai yi mini ba'a, shi ya fito da Keke Napep ɗinsa ya kai su asibiti. Ta kira ni sau goma sha bakwai. Na san adadin domin washegari da la'asar, da na hau wani tudu don in ɗauki ayarin motocin amarya daga sama, saƙonnin suka shigo gaba ɗaya.

Ban san yadda na iso ba. Na tarar da ita kwance an ɗaura mata ƙarin ruwa a bayan hannu, an riga an ƙara mata jini, wanda maƙwabcin nan ya bayar. Uwar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Sai da dare ya yi, ɗakin ya yi shiru, ta ce in ba ta kyamara. Ta iya duba hotuna, ni na koya mata. Ta yi ta wucewa, amarya, ƙawayen amarya, ango, raƙuma, makaɗa. Can ta ce, "Jiya da na ga kamar za ta tafi, na nemi hotonku kai da ita a wayata, ban samu ba. Na ce ko yana nan." Babu shi a nan ɗin ma. Da muka koma gida na bincika kwamfuta kaf. A cikin dubban hotunan da na ɗauka tun haihuwarta, nata goma sha ɗaya ne, kuma babu ko ɗaya da nake ciki.

Allah Ya tashi kafaɗarta, kwana biyar aka sallame mu. Ga ta can wajen mata, ita ce mai jan mayafin matar Shugaban Makaranta, a yi haƙuri.

Mai bikin Kamba bai biya ni cikon kuɗina ba, tun da na bar aiki a tsakiya, kuma ban ga laifinsa ba. Ya kuma gaya wa abokansa, shi ya sa aikin wannan yanki ya yanke mini har yau. Na yanke wa kaina cewa daga shigowar damina zuwa kaka ba na kwana biyu a jere a waje, kuma ba na zuwa inda waya ba ta shiga sai na bar lambar wani da za a iya samu. Tafiye-tafiye masu nisa na bar wa yaron shagona, wanda hannunsa bai gama faɗawa ba, har an fara dawo mini da ƙorafi. Ba zan ɓoye muku ba, samu ya ragu sosai, kuma wani lokaci in na ga hotunan abokan sana'a daga wurin da aka gayyace ni na ƙi zuwa, raina yakan sosu. Watan jiya ma an kira ni Zuru kwana uku, na yi dare biyu ina juyi kafin in ce a'a. Ban san ko badi zan iya cewa a'a ba, in kuɗin makaranta ya taso.

Hotonta kuwa yanzu ina ɗauka, kowace Juma'a bayan an sauko, a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ba na sa shi a WhatsApp. Wannan hukuncin Gwaggo ne, saboda baki, ni kuma na bi, don na fi kowa sanin inda hoto ke zuwa in ya bar hannun mai shi. Bugawa nake yi a takarda in sa a albam. Waya takan faɗa rijiya, a sace ta, memori ya lalace. Kusan kowane wata sai wani ya zo shagona da fatacciyar waya yana roƙon in ciro masa hoton mahaifiyarsa da ta rasu, kuma sau da yawa ba ya ciruwa. Ni kaina hoton mahaifina guda ɗaya gare ni, ɗan ƙaramin fasfo da ya yi don aikin Hajji, shi na faɗaɗa na rataye a ɗaki, shi Ummi ke nunawa in an ce ina kaka.

A kan wannan nake da roƙo ga ƙungiya. Duk mai tsohon hoton makarantar nan, na aji, na wasan ƙwallo, na ranar ba da kyauta, ko da ya yi ja ko gara ta ci gefensa, ya kawo mini shago a Kalgo ko ya ba sakatare. Zan kwafe shi in mayar masa da abinsa, ba ko kwabo. A rubuta shekara da sunayen mutanen ciki a baya, da fensir, domin biro yakan huda ya ɓata fuska. Musamman muna neman na malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama. Na riga na sami guda bakwai, kuma agogon nan yana cikin uku.

Shugaban taro, na ga rana ta fara sauka, in muka ƙara rabin sa'a hasken zai tafi. Ina roƙon da an yi addu'a kada kowa ya watse, mu taru gaban ofishin Shugaban Makaranta, malamai a kan kujeru, 'yan ajin farko a bayansu, sauran mu jeru yadda muka saba. Yaron shagona ne zai ɗauka, na riga na saita masa kome, in ya yanke wa wani hula ku zo gare ni. A bar mini wuri a layi na biyu daga gefen dama, mai ɗan faɗi, don da Ummi zan tsaya.